Kujerar Goggo ta Ranar Alhamis

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma. Goggo ta riga mu komawa ranar wata Talata da hantsi. Aka yi mata sutura washegari bayan azahar, aka rufe ta a jar ƙasar nan ta Turawa, nesa da Damagaram inda aka binne cibiyarta. Ƙanwar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata, Allah kuwa bai ba ta nata ba sai ni.

Ran sadakar uku gidanmu na Summerfield ya cika. Motoci sun jeru har bakin shingen maƙwabcinmu mai dawakai. Maza suna gareji a kan tabarmi tare da liman, mata muna falo, kowace da abin da ta riƙe na Goggo. Wata ta ce ita ta yi mata wankan jego a ɗan bahon gidan haya, kwana arba'in ba fashi, alhali ba dangin iya ba na baba. Wata 'yar Jos, Kirista, wadda suka yi aikin jinyar tsofaffi tare, ta yi kuka har sai da aka fita da ita shan iska. Direbobin tasi suka aiko daga gareji a gaya mini ba su san wanda zai dama musu kunun azumin bana ba. Ni dai ina zaune, ana ce mini ya haƙuri, ina cewa da godiya, idona a bushe ƙamas.

Wajen la'asar sai ga wasu tsofaffin Turawa mata su uku a bakin ƙofa. Jikar ɗayarsu ce ta tuƙo su, ta tsaya a mota. Sun ga takalma a waje, suka sunkuya da ƙyar suna kwance nasu, ɗaya tana dafe da ɗaya. Suka shigo da kwanon abinci rufe da takardar azurfa, suka rasa inda za su ajiye shi. Babbar cikinsu, wadda Goggo ke kira Mai Tabarau, ta kamo hannuna da nata biyu, ta ce da Turanci, da ƙarfi irin na wanda kunnensa ya yi nauyi:

"Shekara arba'in ina wasan nan. Ban taɓa zama da wanda ya fi goggonki iya buga karta ba."

Akasarin matan suna jin Turanci, waɗanda ba su ji ba aka raɗa musu. Wata ta ja mayafi ta rufe baki. Tsofaffin suka ɗan zauna a bakin kujera, suka share hawaye, suka tafi. Motarsu ba ta gama juyawa ba Hajiya, babbar matanmu a garin nan, ta matso kusa da ni.

"Ɗiyata, wannan magana ta tsaya nan. Mamaci rufa masa asiri ake yi. A tuna ta da sallarta da zumuncinta."

Mata suka ce haka ne. Wata daga can baya ta ce, "Allah Ya yafe mata." Na gyaɗa kai. Na saba gyaɗa kai a kan wannan magana, shi ne ma abin da ke cin raina. Hajiya ba mugunta ta nufa ba, amma in aka cire karta daga labarin Goggo, an cire wurin da na fi ganin haƙoranta a ƙasar nan. Don haka zan faɗa yadda yake.

Haihuwata ta fari ce ta kawo ta garin Greensboro, a farkon shekarun dubu biyu. Lokacin muna unguwar Glenwood, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu, ɗalibai ta ko'ina suna wucewa a kan kekuna. Da aka gama jego sai zama ya gundure ta. Mace ce da ta yi shekara talatin tana sayar da atamfa a kasuwa, ba ta iya kallon bango ba. 'Yar Jos ɗin nan ce ta samo mata aikin kula da wata tsohuwa a unguwar Irving Park, bazawara, ita kaɗai a gida mai hawa biyu. Goggo ba ta taɓa kiran sunanta ba, Madam take ce mata. Amosanin gaɓɓai ya nannaɗe wa Madam yatsu, ko cokali ba ta riƙewa da kyau. Amma kanta garau, bakinta kuma kamar reza.

Kowace Alhamis da rana ƙawayenta uku suna zuwa wasan karta da suke kira birij. Akwai wani katako da ake jera wa masu ciwon hannu irinta karta, Madam ta ce ita ba za ta zauna a bayan katako ba. Sai aka ajiye wa Goggo kujera a gefenta, ta riƙe karta goma sha uku a buɗe kamar mafici, Madam ta faɗi wadda take so, Goggo ta zaro ta ajiye.

Ranar farko da ta dawo, kai tsaye famfo ta nufa ta wanke hannu da sabulu har sau uku.

"Yau na riƙe kartar 'yan caca," in ji ta. "Da hannun da nake alwala."

Ran Juma'a da kanta ta tare liman bayan salla. Ina tsaye a bayanta.

"Ana sa kuɗi, Hajiya?"

"Ko dala, Malam."

"Yana hana ki salla?"

"Lokaci na yi nake kifa kartar in tashi. Su jira."

Ya shafa gemu. "To, abin da zan ce, ki kula kada ya cinye miki lokaci."

Muna fitowa ta ce da ni, "Kin ji dai bai ce a'a ba."

Ba a yi wata uku ba ta fara ba ni labarin wasan tana tuƙa tuwo. "Mutum huɗu ne, biyu-biyu. Abokiyarki tana gabanki, ba ki ganin hannunta, ba a yarda ki ƙifta mata ko ido ba. Da farko ciniki ake yi, kowa ya faɗi nawa zai iya ci. Wadda ta yi alkawari mafi girma, sai abokiyarta ta shimfiɗa kartarta a tebur kowa ya gani, ita kuma ta san yadda za ta cika alkawari. Kasuwa ce, ɗiyata. Sai dai a nan wanda ya cika baki nan take ake ganinsa."

Sunayen Turancin ba su zauna mata ba, ta raɗa nata. Baƙi mai tsini mashi ne. Baƙi mai ƙulli uku ƙafar kaza. Ja mai kusurwa huɗu laya. Zuciya ce kawai ta bari da sunanta. Akwai sarki, akwai sarauniya, na ukunsu ta ce dogari ne. Babbar duka kuwa as take ce mata, yadda ta ji maza na faɗa a gida.

Amma ba a teburin Alhamis ta koyi wasan ba. A jarida ta koya.

Jaridar garin tana da wani ɗan lungu a shafin baya, inda kullum ake buga matsala ɗaya: ga hannu, ga hannu, ga alkawarin da aka ɗauka, ya za ka buga ka fita? Amsa tana ƙasa. Madam kan sa Goggo ta shimfiɗa mata kartar yadda aka zana kowace safiya bayan wanka. Goggo karatun bokonta kaɗan ne, amma lamba da alama ba su ɓuya mata. Sai ta fara roƙon jaridar jiya tana zuwa da ita gida. Ta yanke lungun da almakashi, ta naɗe amsar ta baya don kada idonta ya faɗa, ta sayi kartarta a kantin kwana. Bayan asuba, kafin yara su tashi, za ka same ta a teburin kicin, hannu huɗu a shimfiɗe, kofin shayi yana hucewa a gefe.

Ba ta taɓa karta da wuri. Sai ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi. "Ƙirga tukuna, hannu daga baya," haka take cewa. Wani lokaci kuma, "Kartar farko ita ke kashe mutum." Wata matsalar takan kwana uku a teburin, mu ci abinci a gefe-gefe, maigidana ya ɗaga kwanonsa ya koma falo don kada miya ta ɗiga a kan sarki. In ta gano, sai ta buga tafin hannu a tebur ta ce da Faransancin gida, "Bon!" Sannan ta ƙwala mini kira.

"Ɗiyata, zo karanta mini abin da mutumin ya ce."

Mutumin shi ne mai rubuta lungun. Layi huɗu ne ko biyar. Nakan karanta a tsaye, da makullin mota a hannu, ina fassarawa ina duban agogo, domin aikina na asibiti ba ya jira. In amsarsa ta zo daidai da tata sai ta ce, "Ya gane." In ta saɓa sai ta ce in sake karantawa, a hankali. A shekarar farko saɓanin ya fi yawa. Tana da gwangwanin biskit biyu, ɗaya na waɗanda ta ci, ɗaya na waɗanda suka ci ta. Na farkon ba ta buɗe shi sai za ta saka. Na biyun ne abokin hirarta. Duk matsalar da ta kayar da ita sai ta bar ta wata guda, har ta manta amsar, sannan ta sake fito da ita. "Wanda ya kayar da kai shi ne malaminka," in ji ta. "Wanda ka kayar me zai koya maka?"

A shekara ta uku aka yi rigimar as.

Ta dawo ran wata Alhamis ba ta ko cire mayafi ba ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Ina jin an kore ni."

Abin da ya faru, Madam ce ta ɗauki alkawari. Mai Tabarau, wadda ke zaune a hagunta, ta buɗe wasa da mashi. Madam tana da as ɗin mashi, ranar kuma ciwo ya dame ta, tana son a gama. Ta ce, "As." Hannun Goggo bai motsa ba. Ta sake cewa, "Na ce as." Goggo ta zaro ƙaramin mashi ta ajiye, ta bar wa abokan hamayya wannan zagayen.

"Sai ta juyo ta dube ni," in ji Goggo. "Ta ce, ke hannuna ce, ba kaina ba. A gaban mutane. Sannan ta ce tunda na fi ta sani, in ƙarasa."

"Kika ƙarasa?"

"Na ƙarasa mana. Tun a ciniki Mai Tabarau ta ambaci mashi, ba a ambatonsa a nan sai da biyar. Na ƙirga namu, saura biyu ke nan a hannun abokiyarta. In na sa as yanzu, abokiyar tana da sauran ɗaya. Ran da ta samu shiga sai ta miƙa shi, Mai Tabarau ta kwashe huɗu a jere, mun mutu. In na haƙura sai zagaye na biyu, abokiyar ta ƙare, hanya ta toshe." Ta yi ajiyar zuciya. "Alkawari ya cika cif. Mai Tabarau ta cire tabarau ta ce wa ya koya mini. Na ce jarida. Amma na yi laifi, ɗiyata. Bai kamata hannun mutum ya ƙi shi ba. Sai dai na hango ramin, ba zan iya jefa ta ciki da hannuna ba."

Juma'a Madam ba ta yi mata magana ba sai ta aiki. Litinin da safe, bayan wanka, ta ce a shimfiɗa matsalar ranar. Goggo ta shimfiɗa ta ja baya. Madam ta daɗe tana kallon kartar, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "To. Ke me za ki buga?" Daga ranar tambayar ta juya.

Shekara biyu bayan haka Madam ta kwanta ciwon ajali. Idonta ya dushe, ba ta ganin jarida. Goggo kan zauna a bakin gadonta tana shafa mata man zafi a yatsu, tana jero mata matsala da ka, karta bayan karta, da guntun Turancinta, su yi ta gardama a kan inda sarauniya ta ɓuya. 'Ya'yan Madam suna wasu jihohi, waya suke yi. Goggo ce ta rufe mata ido. Kafin nan Madam ta tara ƙawayenta, ta nuna Goggo ta ce musu, "Kujerata tata ce."

Haka Goggo ta zama ta huɗu. Wasan ya koma gidan Mai Tabarau, ita ce kuma ke zuwa har ƙofarmu a Glenwood da tsohuwar motarta ta ɗauke ta. Tun Laraba Goggo take goge atamfa. Ta sa turare, ta ɗaura kallabi, ta ɗauki dardumar salla a jaka, wani lokaci da ƙullin cincin. Ta dawo da yamma tana dariya tun daga bakin hanya.

A wannan lokacin ne ta fara roƙona in koyi wasan in zama abokiyarta. Ta ji akwai wani zaure da ake taruwa ran Asabar, kowa ya zo da abokin wasansa, tebur ya fi goma.

"Wata uku ya ishe ki, ni zan koya miki. Kanki yana ja, na sani, ni na raine shi."

"Goggo, ina na ga lokaci?"

"Tsofaffin nan suna da kirki, ba na ce ba. Amma ina so wata rana in ci wasa in ɗago kai in yi dariya da Hausa."

Na ce sai na gama kwas ɗin da nake yi. Na gama, na ce sai yara sun yi hutu. Ba ta gaji ba, duk bayan 'yan makonni sai ta sake tayarwa.

Sai aka yi wani suna a gidan wata 'yar garinmu. Goggo ba ta je ba, mura take yi. Ana cikin rabon abinci wata ta ce, "Ina Goggon 'yan karta?" Aka yi dariya. Wata ta ce ai an ce har da mota Turawa ke zuwa ɗaukarta. Wata ta ce tsufa dai kowa da yadda yake zuwar masa. Ba wanda ya zage ta, amma na ji kamar an tuɓe ni a tsakar kasuwa. Na tuƙo mota ina huci. Na shigo na tarar da ita a kicin, da bargo a kafaɗa, karta a shimfiɗe.

"Yauwa, ɗiyata, zo ki karanta..."

"Goggo, don Allah ya isa haka. A shekarunki, maimakon carbi, karta? Ko'ina na shiga maganarki ake yi. Kina ba ni kunya."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, kamar dai tana ƙirga wani abu. Sannan ta fara tattara kartar ɗaya bayan ɗaya, matsalar da ta kwana biyu tana bi. Ta haɗa, ta ɗaure da roba.

"To," ta ce. "Ban san na kai nan ba."

Carbin da na goranta mata kuwa yana nan a wuyan hannunta, inda yake kullum.

Daga ranar teburin kicin ya zama na abinci. Ta koma yin abinta a ɗaki, a kan tiren shayi, ƙofa a turo. Ba ta daina gaishe ni ba, ba ta daina dafa mini abin da nake so ba. Abu ɗaya ne ya ɗauke: ba ta ƙara cewa in zo in karanta mata ba. Sai ta tara amsoshin ta kai wa tsofaffin ran Alhamis. Na lura. Na ce a raina zan ba ta haƙuri in an kwana biyu. Kwana biyun ya zama shekara.

Sannan muka sayi gida a Summerfield, can bayan gari. Fili babba, makaranta mai kyau, shiru. Ni da maigidana muka yanke, ba wanda ya shawarce ta. Ranar da muka kai ta gani ta zagaya bayan gida ta ce ƙasar za ta yi kuɓewa. A hanyar dawowa ta tambaya a hankali:

"Bas yana zuwa can?"

"Ba ya zuwa, Goggo."

"Mai Tabarau ba ta hawa babban titi yanzu. Idonta."

"Kada ki damu, ni zan riƙa kai ki."

Sau biyu na kai ta. Aka canja mini shif, Alhamis ta faɗa cikin ranakun aikina. Na ce zan nemi musanya, ban nema ba. Ina jin, in zan faɗi gaskiya, har da wani sauƙi na ji a raina, magana za ta mutu da kanta. Wata Alhamis maigidana ya dawo da wuri, da yamma ya ja ni gefe.

"Kin san Goggo tana shiri kowace Alhamis? Na same ta a falo da jaka a cinya, ta sha ado. Na ce ina za ta, ta ce ba ko'ina, ko da za ki samu fitowa ne. Ƙarfe ɗaya da rabi na yi ta cire mayafin ta ninke."

Na ce mako mai zuwa. Ya ce shi zai kai ta in ya samu sarari, ya kai ta sau ɗaya. Tsofaffin suka yi ta waya, ta ce musu ƙafa ke damunta. Daga baya suka samu wata ta riƙe kujerar. Goggo ta ci gaba da yanke jarida, ita da tirenta da gwangwanayenta. Wata goma sha huɗu ta yi a gidan.

Wata safiya ta fita ban ruwan kuɓewa, ta faɗi a tsakanin kunyoyin shuka biyu. Ina ganin yadda bakinta ya karkace na san shanyewar jiki ce, aikina ke nan. Ɓarin dama ya tafi, magana ta tafi. Ido ne kawai ya rage, da hannun hagu.

A kwana na biyar na shiga ɗakinta ɗauko mata zane, na ga tiren a ƙarƙashin gado. Na ɗauki kartar da gwangwanin waɗanda suka ci ta, na tafi da su asibiti. Na jawo ɗan teburin da ake ba marasa lafiya abinci, na zaro takarda ɗaya, na fara jerawa. Tana jin ƙarar kartar ta buɗe ido. Wallahi na ga Goggona ta dawo cikin idon nan.

Amma ban iya ba. Shekara da shekaru ina wucewa ta gefen teburin nan, ban san wane hannu ke zama a ina ba. Na haɗa mashi da ƙafar kaza, duk baƙaƙe ne a wurina. Ta yi ta bin hannuna da ido har na gyara. Ta daɗe tana kallo, leɓenta na ɓarin hagu yana motsi. Tana ƙirgawa. Can sai ta tsayar da ido a wuri ɗaya, ta dube ni, ta sake duban wurin. Ta gano. Na ɗaga karta.

"Wannan, Goggo?"

Ta lumshe ido, a'a. Na ɗaga ta kusa da ita. A'a. Na ɗaga sarki, don shi na ga babba. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, yatsunta na hagu suna kartar zanen gado. Na ɗaga ta huɗu, ta biyar, hawaye ya hana ni ganin lambobin. Abin da wata baƙuwa ta samu daga gare ta shekara biyar, ni ɗiyarta na kasa yi mata na minti biyar.

Sai ta daina. Ta jawo hannun hagun da ƙyar ta ɗora a kan nawa, ta danne shi a kan kartar, ta ɗan bubbuga, yadda take yi mini ina ƙarama in na ɓarar da nono ina kuka.

"Goggo, ki yafe mini. Abin da na faɗa ranar nan. Da Alhamis ɗin nan duka."

Ta matse yatsuna. Ba ta saki ba har nas ta shigo. Kwana huɗu bayan haka ta cika.

Bayan sadakar arba'in, ran wata Lahadi da safe, na kankare katin waya na kira Baba a Damagaram. Ya tsufa ƙwarai, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Mun yi magana ran rasuwa, amma ta kuka ce. Wannan karon bayan gaisuwa sai ya ce:

"Ke, in tambaye ki. Shekarun nan da ta yi a can, ban da aiki da rainon 'ya'yanki, me take yi? Ta samu abin da ke sa ta dariya?"

Sai na gaya masa: Madam, jarida, gwangwanaye, rigimar as, tsofaffin da suka zo gaisuwa. Ina jiran ya yi salati. Sai na ji dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya koma wani abu da ban taɓa ji daga bakin mahaifina ba.

"Dara," ya ce. "Tana 'yar shekara tara take raɓewa a bayan maza a gindin iccen bedi tana kallon dara. Ba wanda ya koya mata. Ran nan ta zauna ta cinye ni sau uku a jere a gaban abokaina, suna yi mini ihu. Na tashi na kai ƙararta wurin Babanmu, na ce tana zama cikin maza. Ya zane ta, ya rantse in ya ƙara ganin hannunta a ramin dara sai ya karya shi. Ba ta ƙara ba. Ko sau ɗaya kuma ba ta tayar mini da maganar ba." Ya ja numfashi. "Shekara kusan sittin ban faɗa wa kowa ba. Alhamdu lillahi da Allah Ya kai ta wurinki. Ke dai kin bar ta ta yi abinta."

Muryar matar nan ta katin waya ta shigo, ta ce saura minti ɗaya.

Da na yi shiru, da ya tafi da wannan har kabarinsa. Na ce, "Baba, ban bar ta ba. Ni ma na hana ta."

Ina jin kukan akuya daga can gida, da wani yana sallama a zaure. Sannan ya ce, a hankali:

"To. Mu biyu ke nan. Allah Ya yafe mana."

Katin ya ƙare.

Allah Ya ji ƙan Goggo, Ya yalwata mata makwanci, Ya saka mata da haƙurin da ta yi da mu. Wanda ya karanta wannan, ya sa ta a addu'a, ya sa mu.